Fayil ɗin Birnin Kudu Yana Jakar Kano: Tarihin Tsara Ma'ajiya daga Gunduma zuwa Rumbun Manhaja

Mai neman tsohuwar takarda a kan Birnin Kudu ko Gwaram yakan fara da Dutse, tunda nan ce fadar jiha. Wani lauya ne da ke bin asalin iyakar gona, wani ɗalibi ne mai rubuta kundin digiri, wani kuma ɗan gidan sarauta ne da ke son tabbatar da jerin hakimai. Idan takardar ta girmi shekarar 1991, sau da yawa Kano za a nuna masa. Idan kuwa ta zamanin Turawa ce, sai ya ɗauki hanyar Kaduna, inda reshen Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa yake. A can ba zai tarar da takardun mulkin mallaka a ƙarƙashin sunan Jigawa ba. Rukunin da zai buɗe shi ne wanda ake kira KANOPROF, wato takardun ofishin Lardin Kano, domin a lokacin da aka rubuta su Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na Masarautar Kano.

Wannan ba sakaci ba ne. Shawara ce da aka yanke da gangan, kuma tana da tarihi. Tambayar da ke ƙarƙashinta ita ce: idan tsarin aiki ya sauya, shin a sake jera takardu bisa sabon tsari, ko a bar su yadda masu su suka bar su? Irin wannan tambaya ce masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, wadda kowa ke da damar gani da gyarawa, suka shafe shekaru suna muhawara a kanta game da jeren foldoji a rumbun da suke ajiye aikinsu. Ma'aikatan takarda da masu kwamfuta ba su zauna tebur ɗaya ba, amma sun yi tuntuɓe da dutse guda, kuma abin da kowane ɓangare ya koya yana haska na ɗayan.

Kafin a yi gunduma

A ƙarni na 19, ƙasar Kano ba a yanke take gunduma-gunduma ba. Yawancin manyan masu sarauta suna zaune a cikin birni, garuruwan da ke ƙarƙashin kowannensu kuma a warwatse suke, wani a gabas, wani a yamma. Jakadu ne ke kai-komo tsakanin gari da gidan uban ƙasa, su kai umarni, su kawo haraji. Akwai kuma tsoffin garuruwa masu sarakunan da ke zaune a cikinsu, irin su Rano da Gaya da Ƙaraye da Dutse da Birnin Kudu. A irin wannan tsari, labarin gari yana bin mutum ne, ba taswira ba. Wanda ke son sanin abin da wani ƙauye ya biya sai ya san wane ne jakadansa da kuma gidan da yake kai caffa.

Bayan Turawa sun ci Kano a watan Fabrairun 1903, sun ga wannan tsari bai dace da littafin harajinsu ba. A zamanin Sarki Abbas da Razdan Cargill aka tattara garuruwan da ke maƙwabtaka da juna aka mai da su gundumomi, aka kuma umarci hakimai su bar birni su koma zama a ƙasashensu. Ma'auni ya tashi daga "na wane ne" ya koma "a ina yake". Daga nan ne aka fara samun irin takardun da masu bincike ke nema a yau: rahoton ƙiyasin haraji na kowace gunduma, littafin gunduma da jami'in Turawa ke rubuta tarihin gari da jerin dagatai a ciki, lissafin jangali, da wasiƙun naɗi da tuɓewa.

Sauyin ya sauƙaƙa aikin ofis, amma ya yanke wani zare. Garin da ya yi shekaru yana bin wani gida ya wayi gari a ƙarƙashin wani hakimi dabam, kuma sabon littafi ya fara ƙirga shi kamar ranar aka kafa shi. Alaƙar da ke gabanin haka ta koma bakin dattawa, sai fa ɗan abin da wani jami'i ya ga damar rubutawa a shafin tarihi.

Kudancin Jigawa yana da ƙarin sarƙaƙiya. Tun daga shekarun 1840, lokacin da wasu malamai ƙarƙashin Malam Hamza suka bar Tsakuwa suka kafu a duwatsun Ningi, hare-haren Ningawa suka zama babban al'amari a kudu da kudu maso gabashin ƙasar Kano. Turawa kuwa sun sanya Ningi a Lardin Bauchi. Saboda haka mai bin tarihin wannan iyaka dole ya buɗe jaka biyu, ta Kano da ta Bauchi, kafin ya ji labari guda daga bakinsa biyu. Haka kuma zanen duwatsun Birnin Kudu, irin na Dutsen Habuɗe da Dutsen Mesa, wanda Bernard Fagg ya yi nazari a kai a tsakiyar shekarun 1950, ya zama hurumin hukumar kayan tarihi ta tarayya. Gari ɗaya, amma bayanansa sun rabu bisa ofisoshin da suka yi hulɗa da shi.

Jakar da ta bi ofis

Me ya hana a kwaso duk abin da ya ambaci Birnin Kudu a zuba a jaka ɗaya? An taɓa gwada irin wannan a Turai. Bayan juyin juya halin Faransa, an riƙa wargaza tarin takardun majami'u da na gidajen sarauta ana sake jera su bisa maudu'i. Sakamakon ya zama ruɗani, domin takarda idan ta rabu da 'yan'uwanta takan rasa rabin ma'anarta. A 1841 gwamnatin Faransa ta fitar da umarni cewa a riƙa ajiye takardun kowace hukuma ko gida a dunƙule, kada a cakuɗa su da na wani. A 1898 wasu ma'aikatan ma'ajiya uku na ƙasar Holan, Muller da Feith da Fruin, suka wallafa littafin jagora da ya ƙarfafa ƙa'ida ta biyu: a cikin kowane rukuni ma, a mutunta jeren da ofishin ya yi tun asali.

Wannan koyarwa ce Najeriya ta gada. Masanin tarihi Kenneth Dike ya yi binciken halin da takardun gwamnati ke ciki a farkon shekarun 1950, aka kafa ofishin adana su a 1954, aka yi masa doka a 1957, ya kuma sami rassa a Ibadan da Enugu da Kaduna. A Kaduna aka jera takardu bisa ofishin da ya samar da su: na Sakataren Lardunan Arewa a rukunin SNP, na Kano a KANOPROF, na Sakkwato a SOKPROF, na Zariya a ZARPROF, haka har sauran larduna.

Hikimar hakan a fili take ga duk wanda ya taɓa aikin shari'a. Wasiƙar da hakimi ya rubuta a kan iyaka ba ta da nauyi ita kaɗai. Nauyinta yana cikin abin da ke gabanta da bayanta a fayil: ƙorafin da ya jawo ta, amsar Razdan, da ɗan rubutun da wani ya yi a gefe. Lambar fayil da wurinsa a jere su ne shaidar cewa takardar ba jiya aka ƙirƙiro ta ba. Idan aka zare ta aka kai wata sabuwar jaka, an sauƙaƙa nemanta, amma an raunana ta a matsayin hujja.

Sai dai ƙa'idar tana da rauni guda: ta ɗauka cewa ofis abu ne mai ɗorewa. A 1966 wani ma'aikacin ma'ajiya a Ostareliya, Peter Scott, ya nuna cewa hukumomi suna haɗewa, suna rabuwa, suna sauya suna, alhali littafi guda yana ci gaba da cika a hannun magada. Ya ba da shawarar a riƙa bayyana kowane jerin takardu a kan kansa, a kuma ajiye tarihin hukumomi daban, sannan a haɗa su da bayanin wace hukuma ce ta riƙe wane jeri daga yaushe zuwa yaushe. Da wannan dabara, ba sai an motsa ko takarda ɗaya ba idan an yi sabuwar jiha. Bayanin alaƙa kawai ake sabuntawa.

Masu manhaja da ɗakin tarkace

Shekaru shida bayan shawarar Scott, a 1972, Marc Rochkind na cibiyar Bell Labs a Amurka ya ƙirƙiro SCCS, ɗaya daga cikin na'urorin farko na adana tarihin gyare-gyaren manhaja. Manufar ita ce duk gyaran da aka yi wa fayil a san wa ya yi shi, yaushe, kuma saboda me, a kuma iya komawa baya. Walter Tichy ya fito da RCS a 1982, sannan CVS, wanda Dick Grune ya fitar a 1986, ya ba mutane da yawa damar yin aiki a kan rumbu ɗaya a lokaci guda. A kan CVS ne buɗaɗɗun ayyuka masu yawa na shekarun 1990 suka girma.

CVS yana da lahani irin na littafin gunduma. Tarihin kowane fayil a ɗaure yake da sunansa da wurinsa. Babu umarnin sauya wa fayil suna ko matsar da shi. Wanda ke son yin haka sai ya goge shi a tsohon wuri ya ƙirƙiro shi a sabo, inda zai fara rayuwa ba tare da tarihi ba, tsohon tarihin kuma ya koma wata folda mai suna Attic, wato ɗakin tarkace na saman gida. Wasu sukan shiga cikin rumbun su matsar da fayil da hannu, sai tsoffin fitowar manhajar su lalace, domin suna neman fayil a inda ba ya nan. Saboda haka jeren foldojin da aka zaɓa a ranar farko yakan zame wa aiki alaƙaƙai. Mutane sun gwammace zama da mugun jere a kan su yi asarar tarihi.

Subversion, wanda kamfanin CollabNet ya fara a 2000 kuma cikakkiyar fitowarsa ta farko ta zo a 2004, an yi shi ne don gyara irin waɗannan lahani. A cikinsa foldoji ma suna da tarihi, kuma kwafin fayil yana tuna inda ya fito. Da shi ne wata al'ada ta yaɗu ta raba rumbu gida uku: trunk, wato gangar jikin itace inda babban aiki ke gudana, branches, rassan da ake gwaji a cikinsu, da tags, inda ake ajiye hoton aikin yadda yake a ranar da aka fitar da shi ga jama'a. Abin lura shi ne manhajar ba ta tilasta wannan rabo ba. A wurinta duka ukun foldoji ne kamar kowace folda, kuma idan ba a ɗora wani shinge na musamman ba, babu abin da zai hana mutum gyara abin da ke cikin tags. Yarjejeniyar masu aiki ce kaɗai ke kare shi, kamar yadda ladabin magatakarda ke hana shi ƙara shafi a fayil ɗin da aka riga aka rufe.

Babbar muhawarar wancan zamani ita ce ta rumbun da ke ɗauke da ayyuka da yawa. Shin kowane aiki ya sami foldarsa mai ɗauke da nasa gida ukun, ko a yi gida uku a sama a zuba dukan ayyuka a ciki? Gidauniyar Apache ta bi hanya ta farko, inda kowane aiki ke da tushensa. Amsar ta dogara ne ga yadda ayyukan ke rayuwa: waɗanda ake fitarwa tare sun fi dacewa da jaka ɗaya, waɗanda kowa ke da masu kula da shi da lokacin fitarsa sun fi dacewa da rabuwa. Tambayar Kaduna ce ta sake dawowa da sabuwar riga, wato a jera bisa abin da ke ciki ko bisa wanda ke da alhaki.

Ranar da ƙirga ya fara daga farko

A ranar 27 ga Agusta 1991 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jigawa daga Jihar Kano. Kafin nan yankin ya riga ya ga sauye-sauye a jere. A 1967 aka rushe Jihar Arewa aka yi Jihar Kano. A 1976 aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi da ya kawo ƙarshen tsarin En'e. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, wanda hakan ya tsayar da littattafan da dagatai ke ƙirga magidanta da shanu a cikinsu kowace shekara. A 1981 gwamnatin ta ƙirƙiro sabbin masarautu, ciki har da Dutse, gwamnatin Sabo Bakin Zuwo kuma ta soke su a 1983. Bayan an yi Jigawa, Birnin Kudu da Gwaram suka kasance a Masarautar Dutse, ɗan Birnin Kudu kuma, Ali Sa'ad, ya zama gwamnan farar hula na farko a 1992. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai ya sauya ofishin da ke rubuta takarda a kan gari, da kuma inda ake ajiye ta.

Sabuwar jiha tana buƙatar fayil ɗin da aiki ke gudana a kansa, na ma'aikaci da na fili da na kwangila. Abin da aka riga aka rufe kuwa, bisa ƙa'idar asali, yana zama tare da ofishin da ya samar da shi ko ma'ajiyar da ta karɓe shi. A nan ne giɓi ke buɗewa. Ma'aikacin da aka ɗauka aiki a En'e ta Kano, ya yi tsakiyar aikinsa a Jihar Kano, ya yi ritaya a Jigawa, rayuwar aikinsa ɗaya ce amma ta ratsa hukumomi uku, kuma fanshonsa ya rataya ne a kan ranar da ke rubuce a takardar farko.

Manhajar Linux ta shiga irin wannan hali a watan Afrilun 2005. Bayan an rasa damar ci gaba da amfani da BitKeeper kyauta, Linus Torvalds ya rubuta Git cikin 'yan makonni, ya kuma buɗe sabon rumbu. Bai shigo da tarihin shekarun baya ba. Ya zuba dukan fayilolin yadda suke a fitowa ta 2.6.12-rc2 a matsayin shigarwa ta farko. Har yau, wanda ya bi asalin wani tsohon layi a rumbun Linux zai tsaya a wannan rana, kamar mai neman takardar Gwaram da ya tsaya a 1991. Bambancin shi ne wasu masu aikin sun tattara tsohon tarihin a rumbu dabam, Git kuma yana da hanyar ɗinke rumbunan biyu ga mai buƙata, ba tare da an taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba.

Git ya kuma ɗauki wata hanya dabam game da matsar da fayil. Ba ya rubuta cewa an sauya suna. Hoton dukan aikin yake ajiyewa a kowane mataki, sai lokacin da aka tambaye shi ya kwatanta abin da ya ɓace da abin da ya bayyana. Idan sun yi kama da aƙalla kashi 50 cikin 100, sai ya ɗauka fayil ɗaya ne ya yi ƙaura. Daga nan wata ƙa'idar aiki ta samo asali: a matsar da fayil a mataki ɗaya, a gyara abin da ke cikinsa a wani mataki. Wanda ya haɗa ƙaura da gyara a lokaci guda yana iya yanke zaren. A 2007 masu Linux suka haɗe foldojin i386 da x86_64 zuwa folda ɗaya mai suna x86, kuma sun fara ne da kwashe fayiloli zuwa sabon mazauni kafin su shiga aikin haɗe abin da ke cikinsu sannu a hankali. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, muddin an bar sawun da za a bi.

Akwai wani abu a rumbun Linux da ya yi daidai da shawarar Peter Scott. Foldojinsa a jere suke bisa aiki: drivers na sarrafa na'urori, fs na tsarin fayiloli, net na sadarwa, mm na ƙwaƙwalwar na'ura. Sunayen masu alhaki kuwa suna cikin fayil guda mai suna MAINTAINERS, wanda ke faɗin wa ke kula da wace folda. Idan mai kula ya sauka, layi ake gyarawa a wannan fayil, foldar kuma tana nan inda take.

Shawarar da ke gaban masu ɗaukar hoto

Yanzu takardu suna komawa kwamfuta. Duk sakataren fada ko magatakardar kotu ko ma'aikacin ƙaramar hukuma da ya ɗauki hoton tsohon fayil ya buɗe folda ya ba ta suna, ya yanke irin shawarar da aka yanke a Kaduna, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da hankali ke fara kawowa shi ne a jera bisa taswirar yau: jiha, masarauta, ƙaramar hukuma, mazaɓa. Amma taswirar kudancin Jigawa ta sauya sau da dama tun 1903, kuma babu dalilin ɗauka cewa ƙananan hukumomi 27 da masarautu biyar na yanzu su ne zance na ƙarshe.

Tarihin ɓangarorin biyu ya nuna hanya mai sauƙi. Hoton takarda ya riƙe lambar fayil ɗinsa ta asali da sunan ofishin da ya samar da shi, shafukan kuma su bi jerensu na asali. Sunan gari da na gunduma da na ƙaramar hukuma su zauna a jadawali dabam, tare da shekarun da kowane gari ya yi a ƙarƙashin kowace hukuma, da kuma bambancin rubutun sunansa, tunda Turawa sun rubuta sunayen garuruwa ta fuskoki da yawa. A ajiye kwafi guda da ba a taɓawa, a yi aiki a kan wani. A saman ma'ajiyar kuma a sa gajeren bayani da ke faɗin yadda aka jera ta da dalilin hakan, kamar yadda kowane rumbun buɗaɗɗiyar manhaja ke da fayil ɗin da sabon shiga ke fara karantawa. Idan wata rana tilas ta sa a sake jere, a rubuta jerin tsohon wuri da sabon wuri na kowane fayil kafin a motsa komai.

Aikin da ya fi gaggawa a cikin waɗannan shi ne jadawalin garuruwa, kuma ba ya buƙatar a ɗauko ko takarda ɗaya daga Kaduna. Yana buƙatar wanda zai zauna da littattafan gunduma, da takardun ƙananan hukumomi, da dattawan da suka yi aiki a zamanin En'e, ya rubuta wa kowane gari na Birnin Kudu da Gwaram layi guda: wa yake bi kafin Turawa, wace gunduma aka sa shi, wace ƙaramar hukuma ya faɗa bayan 1976, ina yake yau. Takardun za su iya jira a kan kanta. Dattawan da suka san amsar tambaya ta farko su ne ba za su daɗe suna jira ba.